Mai Jegon da Ta Ƙi Kunun Kanwa

Ranar da aka dawo da Zara daga asibiti, ko mayafi ba ta cire ba Gwaggo Yagana ta riga ta ɗora tukunya. Zamanin En'e ne, Turawa ba su tafi ba tukuna, kuma duk faɗin unguwar Kabara babu macen da ta kai Gwaggo Yagana suna wajen kula da mai jego. Yayar Malam Kyari ce, mahaifin Zara, a gidansa take zaune tun rasuwar mijinta. Kanwarta ma ba irin ta kasuwa ba ce. Ungurnu ce da dangi ke aiko mata takanas daga Barno, tana adana ta a ƙarƙashin gado, ba mai taɓawa sai ita.

Haihuwar fari ce, ta kuma zo wa Zara da gardama. Jini ya ɓalle har ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, aka kwashe ta sai asibiti. Ɗa ya zo lafiya, namiji, amma uwar fitsari ya ɗauke mata sai ɗigo-ɗigo, ƙafafu suka fara hawa. Likita Bature ya ce a bar ta a kwance. Mutanen gida suka ce ina, a ina aka taɓa yanka ragon suna mai jego tana gadon asibiti? Da magiya da rantsuwar cewa za a kiyaye doka aka ɗauko ta.

Kafin su fito, Kande, malamar asibitin da ke yi wa Baturen tafinta, ta zauna a bakin gadon ta yi mata bayani dalla-dalla, mijin Zara yana tsaye yana ji.

"Kin ga ƙoda, ita ce matatar jiki. Duk abin da kika sha ita ke tacewa, ta fitar da dattin ta fitsari. Taki suma ta yi saboda jinin da kika zubar, ba mutuwa ta yi ba. In an bar ta ta huta, da yardar Allah za ta farfaɗo. Likita ya ce can ƙasarsu akwai wani inji da ake jona wa mutum, ya zuƙo jininsa ya wanke ya mayar masa har ƙodar ta tashi. Mu nan ko a hoto ban taɓa ganinsa ba. Saboda haka ke injinki bakinki ne." Ta miƙa mata wani wankakken gwangwanin madara. "Da wannan za ki riƙa auna ruwan sha. Gwargwadon abin da ya fita, shi za ki mayar, ki ɗan ɗora kaɗan. Ba gishiri, ba romo. Kanwa kuwa ko ƙanshinta. Ranar da fitsari ya ɓalle, ƙoda ta farka. Kafin nan duk abin da kika zuba a ciki, a jikinki zai zauna."

To, ga Zara a ɗakin jego, ga Gwaggo ta shigo da ƙwarya cike da kunun kanwa yana tururi. Zara ta sunkuyar da kai, cikin ladabi ta mayar mata da abin da aka faɗa a asibiti, har ta nuna mata gwangwanin.

Gwaggo ta karɓa, ta juya shi, ta leƙa cikinsa, ta fashe da dariya.

"Wannan ai na ba 'yan tsaki ruwa ne! Ke Zara, Baturen nan ya taɓa haihuwa? Da kanwar nan aka yi jegon ubanki, da ita na yi na matan unguwar nan kaf. In ba ki sha ba, ina nono zai fito? Me zai wanke miki ciki? Karɓi ki shanye tun da zafinsa."

"Gwaggo, sun ce ƙodata ce ba ta da lafiya."

"Kowace mai jego ba ta da lafiya, shi ya sa ake mata jego. Sha."

Ta sha, don ba a yi mata tarbiyyar musu da babba ba. Da safe a yi mata wanka da tafasasshen ruwa da ganyen runhu, da yamma a sake. A kwantar da ita a gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi. Tsakanin wanka da wanka kuwa ƙwarya ba ta yankewa: kunu, romon ƙafar sa da yaji da gishiri, kunu kuma.

Ranar suna awarwaro ya ƙi shiga hannunta. Fuska ta cika, fata tana sheƙi. Kai jama'a, ku ji abin takaici! Mata suna shigowa barka suna tafa hannu. "Tubarkalla, jego ya karɓe ta! Dubi yadda ta yi ɓul-ɓul. Hannun Yagana dai sai Allah." Gwaggo tana daga gefe tana gyara ɗaurin kallabi, baki har kunne. Ruwa ne ke taruwa a jikin yarinya, su kuwa suna yi masa guɗa.

Da Zara ta ga haka sai ta koma dabara. In Gwaggo ta ajiye ƙwarya ta fita, sai ta juye kunun a wata tsohuwar tukunya da ke bayan gado. Ba a daɗe ba ƙudaje suka tona mata asiri. Daga ranar Gwaggo ba ta ƙara ajiye ƙwarya ta fita ba. Sai ta ja kujera ta zauna, ta riƙe ludayi, ta ga ƙarshen kunun da idonta.

Mahaifiyar Zara tana cikin gidan nan, lafiyarta ƙalau, idonta biyu. Amma Zara 'yar fari ce, kuma Inna mace ce mai kunya, abar buga misali. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa yi mata sannu a gaban mutane ba. Sai ta faki idon jama'a ta shigo da tsintsiya, wai shara. Wata rana da hantsi Zara ta kamo gefen zanenta.

"Inna, don Allah ki dube ni. Dubi ƙafata."

Inna ta kau da kai wajen bango. "Ke 'yar nan, sakar mini zane."

"Kashe ni za a yi kina kallo?"

"Rufa mini asiri. Ni in sa baki a kan 'yar fari? Ai sai a yi da ni a unguwa, a ce ba ni da ta ido. Gwaggonki ta fi ni sani."

Ta fizge zanenta ta fita. A bakin ƙofa ta tsaya ta goge ido, da wata ta tambaye ta sai ta ce hayaƙin murhu ne. Wallahi tana son 'yarta, wannan ba a musu. Amma son da ba zai iya buɗe baki ba, ban san ranar da yake jira ya yi amfani ba.

Mijin, Maharazu, mai sayar da yadi ne a Ƙofar Wambai, mutum mai sanyin hali. Kullum bayan la'asar yana tafe da ƙunshin nama da kayan yaji, kada a ce ya gaza. Aka taimaka wa Zara ta lallaɓa zuwa soron ciki, ta jingina da bango tana haki.

"Malam, kai fa kana tsaye aka yi bayanin nan. Da kunnenka ka ji."

"Na ji, wallahi na ji."

"To ka faɗa musu mana. Ko ka mayar da ni asibiti."

Ya shiga murza hularsa. "Zara, gidan surukai nake. Da wane baki zan ce wa Gwaggo ba ta iya ba? Baba kuma malamina ne tun kafin ya zama surukina. Ki daure, ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Arba'in kamar gobe ne. In kin dawo ɗakinki ko ƙwayar gishiri ba za ta shiga gidan ba."

"In na kai," in ji ta.

Ya ce ta daina mugun fata, ya ajiye ƙunshin naman ya tafi. A daren da romonsa aka cika mata kwano.

Saura uban. Malam Kyari malamin fiƙihu ne, magidanta ke cika zaurensa ɗaukar karatu, daga unguwanni ake zuwa masa da tambaya a kan tsarki da gado da aure. Kowace safiya yakan tsaya a bayan asabari ya ce, "Ya jikin?" Ran nan Zara ba ta ce da sauƙi ba.

"Baba, kanwar nan ita ce ajalina in ba a daina ba. Likita ya hana."

"Subhanallahi! Daina faɗin haka. Ba mai mutuwa sai kwanansa ya ƙare."

"Ka yi wa Gwaggo magana, Baba. Kai kaɗai za ta ji."

Ya yi gyaran murya. "Wannan sha'anin mata ne, ni ban san kansa ba. Kuma Yaya ce ta goye ni. Ki bi na gaba, Allah zai kawo sauƙi."

Ta ji ƙarar takalminsa yana komawa zaure. Mutumin da zai yi rabin wuni yana warware hukuncin ɓeran da ya faɗa rijiya, yau ga 'yarsa ruwa yana cin ta a kan gado, ya ce bai san kansa ba.

Jiki kuwa magayi. Kumburi ya wuce gwiwa, ya kama cinya, ya hau ciki. In ta tashi da safe sai ta sa yatsa ta buɗe fatar ido kafin ta ga haske. Bakinta ɗaci kamar ta tsotsi tsohon kwabo, abin da ta ci duk sai ya dawo. Kwanciya ta gagara, don da ta miƙe sai ta ji kamar an ɗora mata turmi a ƙirji, sai dai ta zauna ta jingina. Fitsarin da ake samu ɗigo-ɗigo ma ya kusa ƙafewa. Gwaggo ta duba ta ce sanyi ne ya shige ta tun a asibiti, inda ba a yi mata wanka da wuri ba. Maganin sanyi kuwa sananne ne: aka ƙara wuta, aka ƙara kanwa.

Ana haka wata safiya wasu dattawan mata suka zo daga Goron Dutse yin barka, dangin Malam ne da ba su samu zuwa suna ba. Aka yi musu shimfiɗa a ƙofar ɗakin jego. Gwaggo ta ga dama ta samu, don ta san Zara ba za ta yi mata gardama a gaban baƙi ba. Ta cika babbar ƙwarya ta kawo da kanta.

"Ungo, 'yata. Nuna musu yadda ake jego a gidan nan."

Zara ta karɓa da hannu biyu. Ta dubi kunun, ta dubi ɗanta da ke barci a gefe. Wani abu ya taso mata wanda ya fi tsoro ƙarfi, ya fi kunya ƙarfi. Haushi ne, tsantsarsa. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta janye zane daga ƙaurinta, ta danna babban yatsa a kai ta ɗaga. Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse kamar an danna tuwo.

"Iyayena, ku duba da kyau. Wannan ƙiba ce?"

Mata suka leƙo suna kallo. Wata tsohuwa ta ce, "Ai hawan jego ne, 'yar nan, zai sauka."

"Haka aka ce wa Indo ta gidan marina bara. Ita ma a hannun Gwaggo ta yi jego, ita ma haka ta cika tana sheƙi kuna yaba ta. Da ta mutu kuka ce mayu ne."

"La'ilaha illallahu!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Ni kike wa sharri a gaban mutane? Ni da na wanke ki ranar da kika faɗo duniya? To bari ki ji, za ki sha, ko kuwa in sa a danne ki a yi miki ɗura kamar jaririya!"

Zara ba ta ɗaga murya ba, numfashin ma bai ishe ta ba. Ta sa hannu ta karkata ƙwaryar a hankali, kunun ya malale a ƙasa har ya taɓa gefen tabarmar baƙi. Sannan ta dafa bango ta miƙe. Ta ɗauki ɗanta, ɗan farin da al'ada ta ce ko kallonsa kada ta yi a gaban manya, ta saɓa shi a baya ta ɗaure. Da ƙyar bakin zanen ya haɗu. Ta ja mayafi ta nufi zaure, mata suna salati a bayanta, ba wadda ta iya tare ta.

Zaure cike yake da maza, kowa da littafi a buɗe a gabansa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi sallama. Malam Kyari ya ɗago, ya ga ko wace ce, fuskarsa ta sauya.

"Allah gafarta Malam," in ji Zara, "tambaya na kawo, kamar yadda kowa ke kawowa."

"Koma ciki."

"Mutum ne masana suka gaya masa abu kaza zai kashe shi, ya kuma ga alama a jikinsa. In ya ci gaba da sha har ya mutu, mene ne hukuncinsa?" Ta tsaya ta ja numfashi. "Wanda ya tilasta masa fa? Wanda kuma yake da ikon hanawa, ya gani, ya yi shiru, shi mene ne nasa?"

Duk wanda ke zauren nan ya san amsar, ƙaramin ɗalibi ma ya sani. Kowa ya kafa ido a littafinsa kamar yau ya fara ganin baƙi.

"Na ce ki koma ciki," in ji Malam.

"Ban ji amsa ba, Malam."

Malam ya mayar da ido kan littafinsa. Sai ta ratsa ta gefen bango, ta tsallake takalman maza, ta kai ƙofar waje. Muryar Gwaggo ta biyo ta daga soron ciki.

"Mai jego a titi kafin arba'in! In iska ta buge ki kika mutu a hannun Nasara, wa zai wanke ki?"

Zara ta waiwayo. "Wanka dai na sha shi a gidan nan, Gwaggo. Wanda ya rage ba na gaggawarsa."

Tafiyar da lafiyayye zai yi kafin tuwo ya huce, ita sai da rana ta take tsaka. Ta yi 'yan taku ta dafa katanga, ta yi 'yan taku ta zauna a dakalin wani. Ƙafafun ba takalmin da zai shige su, ƙasa kuwa ta ɗau zafi. Masu talla suna tsayawa kallonta. Jariri ya farka yana tsala kuka, ta riƙa jijjiga shi tana cewa, "Yi haƙuri, uwa nake nema maka." A ƙofar asibiti ta zube. Kande ce ta fito da gudu, ta kwance goyon, tana faɗin innalillahi.

Aka jingina ta da matasai, likita ya zo ya duba ya girgiza kai, ya ce sai abin da Allah ya yi. Babu wani inji, babu wata allurar da za ta yi aikin ƙoda. Magani ɗaya ne, shi ne wanda aka hana ta a gida: a bar jikin ya huta. Ruwa ɗan kaɗan a awo, abinci lami ba gishiri. Ƙishirwa ta tsattsage mata leɓe, har in ta ji ana zuba ruwa a randa sai hawaye ya zo mata. Kande takan jiƙa tsumma ta ba ta ta tsotsa. Wata rana tana cikin hankalinta, wata rana ba ta san wanda ke kanta ba. Daga gida ba wanda ya leƙo, an ce ta zubar musu da mutunci. Maharazu kaɗai ke zuwa ya tsaya a bakin taga, ya kasa haɗa ido da ita.

Sai wata safiya, ana share ɗaki, Zara ta kira Kande da ƙarfi ta ce a miƙo tasa. Tasa ta cika, aka kawo wata. Kande ta ɗaga ta sama tana kallo kamar wadda aka yi wa kyautar turmin atamfa, ta rangaɗa guɗa, matan da ke sauran gadaje suka amsa. Tun da nake ban taɓa jin inda aka yi wa fitsari guɗa ba sai nan. Zara ta rungume ɗanta ta yi kuka mai isarta, na murna da na baƙin ciki a haɗe.

Kumburi ya shiga saɓewa. Ta rame ƙwarai, ƙasusuwan wuya duk a waje, amma tana kwanciya ta miƙe ta yi barci kamar kowa. Labari ya kai Kabara. Ka san abin da Gwaggo ta ce? Wai kanwar da ta ɗura mata tun farko ce ta riƙe ta, sai yanzu ta gama aiki. Da ta mutu, da asibiti ne ya kashe ta. Da ta rayu kuwa, ungurnu ce.

Ran nan bayan azahar aka ce da Zara tana da baƙo. Ta fito baranda da ɗanta a kafaɗa, sai ga Malam Kyari da rawaninsa, yana tsaye yana kallon ƙasa. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba. Ya tambayi jiki, ya sa wa yaro albarka, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Mun zauna da Gwaggonki. Na ba ta haƙuri, da ƙyar ta sauko. Ta ce in an sallame ki ki dawo gida ki cika sauran kwanakin wankanki, kada a ce jegonki bai cika ba. Abin da kika yi kuma, ta ce ta yafe miki. Ni ma na yafe."

Zara ta ɗago ta dube shi sosai, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta yi wayo.

"An yafe mini?"

"An yafe. Sai ki gode wa Allah."

"Allah kam ina gode masa dare da rana, Baba. Amma ka gaya wa Gwaggo, ba zan ƙara kwana ɗakin nan ba, ba zan ƙara karɓar ƙwarya daga hannunta ba. Yafiya kuma ta riƙe abarta tukuna, ni ce ya kamata a nema wa, kuma ba wanda ya tambaye ni."

"Zara! Ni kike faɗa wa haka?"

"Kai nake faɗa wa, Baba, don kai ne malami. Duk wanda ya kawo tambaya zaurenka yana tafiya da amsa. Tawa tana nan a wurinka. Ranar da ka amsa ta a inda na yi ta, a gaban mutanen da suka ji, ran nan zan tako gidan."

Malam Kyari ya gyara rawanin da bai karkace ba. Yaron ya motsa yana neman nono, Zara ta miƙe, ta ce ya gai da Inna, ta juya ta koma ciki ta bar shi a tsaye.